Takardun da Baba Silvanus Ya Huda

"Akwatin nan, Ticha. Kada ki bar shi a hannun dangina."

Baba Silvanus ya riƙe wuyan hannun Magdalene da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba. Kwana uku ke nan ba ya shan komai sai ruwan kunu, amma bakinsa bai gaji da zancen akwatin ba.

"Na ji, Baba. Ka kwanta."

"Kin ji, kin ji. Haka 'yan ofis ma suke cewa."

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce ta raba su a layin bayan tashar jirgin Kafanchan. Tun da ya ajiye aikin akawu a reluwe, tsohon ba shi da sana'a sai huda takarda. Ya koyi rubutun makafi wurin wata baturiyar mishan, sai ya zauna a baranda da allon ƙarfe da tsinke yana kwafe littattafai shafi-shafi: waƙoƙin coci, kiwon kaji, lissafi, labarai. Duk Asabar makafi bakwai sukan zo su mayar da wanda suka gama, su ari wani. Laburaren ke nan gaba ɗaya, akwatin ƙarfe guda a ƙarƙashin gado.

Ya cika ranar Laraba da hantsi. Kafin rana ta karkata motar Kagoma ta sauke dangi. Magdalene ta ja Luke, ɗan wan mamacin, zuwa gefe, ta yi masa bayani.

"Haba Ticha," in ji Luke. "Gawa bai yi sanyi ba kina maganan kaya? A wurinmu ko tsintsiya ba a fitar daga ɗakin mamaci sai an binne, dangi sun zauna."

"Ba kayan gado ba ne. Littattafan mutane ne."

"To, ki kawo takarda daga gwamnati."

Washegari, ana sauka daga makabarta, ta wuce ofishin ilimi da baƙin ɗankwalinta. Awa uku tana kan benci kafin a kira ta. Jami'in bai ko ɗago kai daga jaridarsa ba.

"Laburare na makafi? Madam, masu ido ma ba su zuwa namu."

"Layi biyu kawai nake so, ranka ya daɗe. Ka rubuta cewa akwatin na masu karatu ne."

"Da me suke karatun?"

"Da yatsa."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ki rubuto aflikeshon. Sai mun aika Kaduna."

Ta fito ta kama hanyar gida. Tun daga bakin layi ta hango hayaƙi, ta ji ƙamshin man gyaɗa. Matan zumuntar coci sun girke tukwane a tsakar gidan makokin suna soya ƙosai don baƙi. Kusa da murhu kuwa, ga akwatin ƙarfen a buɗe.

Mama Mildred, shugabar zumunta, ta yago shafi, ta naɗe ƙosai biyar a ciki, ta miƙa. Wata kuma ta dunƙule guda ta cusa ƙarƙashin itace.

"Mama! Me kuke yi?"

"Ke, lafiya? Kin firgita ni."

"Littattafai ne kuke ƙonawa!"

"Wane littafi? Farin takarda ne, gara ma ya fara ci, duba ƙuraje-ƙurajen jikinsa. Luke ne ya ba mu. Yana shan mai sosai, ya fi jarida."

Magdalene ta durƙusa ta wawuri abin da ya saura. Cikin littafi arba'in da wani abu, uku ne ba a taɓa ba, sai bangon sauran. Ta miƙe ta nufi Luke, wanda ke raba wa baƙi ruwa.

"Ka ce ko tsintsiya ba a fitarwa!"

"An binne ai, mun zauna. Mun buɗe muna neman takardan fili, babu komai."

"Na faɗa maka jiya!"

"Kin ce littattafai, Ticha. Mu huɗu muka duba, ko harafi ɗaya ba mu gani ba." Ya rage murya. "Kada ki tara mana mutane, makoki ake yi."

Mama Mildred ta tsaya da matsami a hannu, hawaye ya cika mata ido.

A ƙarƙashin mangwaro, cikin masu zaman makoki, Bartholomew na zaune da sandarsa tsakanin ƙafafu. Tsohon mai zuba gawayi ne a injin jirgi, tururi ya cinye masa ido, kuma shi ne mai karatun Baba na farko. An ba shi rabonsa kamar kowa. Ya juye ƙosan cikin hularsa, ya shimfiɗa takardar a gwiwa.

"Ticha, ke ce? Na ji muryanki."

"Ni ce, Baba Bartho."

"Labarin da nake jira abokin karatunmu Meshak ya dawo da shi ne. Shafi na sittin da biyu." Ya juya fuska wajen mutanen da ke gefensa. "Wa ke da na sittin da uku?"

Mutumin da ke kusa da shi ya daina tauna, ya dubi takardar da ya riga ya murtsuke a tafinsa.

Bartholomew ya goge man da bakin rigarsa a hankali, don kada ɗigon su kwanta, sannan ya mayar da yatsa farkon layi.