Kan Nevena ya raba gardama

Mun tafi garin Sinemorets na bakin teku fa, kuma 'yata Nevena ce ta kai mu, mai wata goma!

Hutun kwana huɗu kacal mijina Zdravko ya samu. Shi garin Ahtopol yake so mu je, wai kifin can ya fi daɗi. Ni kuwa na san babarsa tana garin. In muka je, wanke-wanke zan yi ta yi, tekun ma sai dai in hango ta taga, ga shi tun da na haihu ban huta ba.

Na ce, "Baban Nevena, kifi kake marmari ko miyar mamarka?"

Ya ce, "Bakinki dai! To, a tambayi yarinya."

Ya durƙusa gabanta. "Ahtopol?" Ta zuba masa ido, tana tsotsar yatsa.

Na ce, "Sinemorets?" Sai ga ta tana girgiza kai gefe da gefe, yadda mu 'yan Bulgeriya muke cewa e.

Ya tashi ya sauko da akwati. Bai ga cokalin kabewar da na ɗaga ta bayansa ba. Yarinyar nan ta tsani kabewa, da ta gan ta sai ta hau girgiza kai.