Layuka Huɗu na Baba

Ni dai na fi iya maganar noma a kan noman. Ina aikin inshora a birnin Dijon, tafin hannuna kamar na jariri, amma a ba ni kofin giya guda, sai in yi ta bayanin ƙasar noman yankinmu na Burgundy har mai sauraro ya nemi kujera.

Baba ya bar mana layi huɗu na inabi a gefen tudu, ni da yayata Solange. Ɗan kawunmu Firmin ne ke noma mana su. Bana ya ce kurangar ta tsufa, ba ta 'ya'yan kirki, a tumɓuke a dasa sabuwa. Solange ta yarda. Ni kuwa na ji kamar Baban za a tono.

Ana gobe tsinkar inabi na ɗauko Solange a mota, muka hau tudun da hantsi. Hazo bai gama tashi ba, ƙauyen na ƙasa kamar yana iyo a cikin madara. Gonakin nan ba shinge, layin wannan na jingine da na wancan, kusan duk kore ɗaya har bakin daji. Na shiga gaba kamar mai gida.

Na tsinko baƙin inabi, irin pinot, na miƙa mata. "Yaya, rufe ido. Tauna har ƙwallon."

"Aurélien, takalmina na lalacewa."

"Tauna dai."

Ta tauna. Na ce mata saiwar nan ta ratsa jar laka, ta kai ga farin dutse, inda teku ya taɓa kwanciya tun ba mutane. Na ce ɗan gishirin da take ji a ƙarshen harshe na tekun ne, kuma sai tsohuwar kuranga ke kaiwa can. Ina faɗa ina ganin Baba da almakashinsa cikin hazon, yana yi wa tsuntsaye faɗa.

Ta daɗe ba ta buɗe ido ba.

"Ƙamshin rigarsa nake ji," ta ce a hankali. "To, a bar su. Ka ci nasara, sarkin surutu."

Muna zaune a ƙasa muna ci, sai ga Firmin a kan tarakta. Ya kashe inji, ya ƙare mana kallo.

"Mutanen birni! An zo yawon buɗe ido?"

"An zo ceton gado daga hannun mahauci," na ce. "Zo ka ɗanɗana abin da kake son tumɓukewa."

"Na ƙoshi. Ku dai ci da sauri, kafin Madam Vauthier ta leƙo. Tana da kare."

"Ina ruwanmu da ita?"

Ya nuna can sama da haɓa. "Naku na bayan hanya, masu jan ganyen can."

Layin da muke zaune a ciki na Madam Vauthier ne. Bayan rasuwar Baba aka dasa shi.