Juya Fuskarki Bango

Mai walda yana da doka ɗaya a gidan karuwan da ke bayan garejinsu: ba ya kallon fuska. Da azahar, in abokan aiki sun tafi cin abinci, sai ya wuce ɗakin ƙarshe ya ce, "Ke, juya bango." Ta juya. In ya gama ya ajiye kuɗi kan taga ya fita.

Wani bakanike a garejin yakan tsokane shi: "Walda, wai kyakkyawa ce?"

"Wa ya sani? In ka hau motar haya, kana gaisawa da kujera ne?"

Ran nan ya fito yana gyara bel, sai ya ci karo da Magajiya, mai riƙon gidan, tana shanya.

"Malam, daga ina haka?"

"Ɗakin ƙarshe mana."

Zanin da take shanyawa ya suɓuce mata. "Yarinyar ɗakin nan tun damina muka binne ta. Ni da hannuna na sa kwaɗo."

Ya waiwaya. Ga kwaɗo a ƙofar da ya fito yanzun nan. Ƙarfe sana'arsa ce, ya san wannan tsatsa ba ta jiya ba ce.

"Ƙarya kike, tsohuwa."

"To kwatanta min wadda ka baro ciki. Fara ce ko baƙa? Tana da wushirya?"

Ƙeya kawai ya sani, da tsohon kitso, da sanyin jikinta da yake ɗora wa fanka laifinsa. Ɗakin kuwa ba fanka.

Bai koma gareji ba. Gida ya nufa da sassarfa, so yake ya ga fuskar da ya sani ko hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya tarar da matarsa zaune a ɗaki, ta ba ƙofa baya.

"Uwar yara?"

Ya laluba kamanninta a ransa, ya rasa. Hancin, idon, babu ko ɗaya. Ga dai ƙeya, ga tsohon kitso.

"Don Allah juyo."

"Yau kuma juyowa kake so?" in ji muryar, a sanyaye.

Wuyan ya fara juyowa a hankali. Mai walda ya kai hannu goshi, ya jawo baƙin tabaraun aikinsa ya rufe ido.