Bayit Dubu Ɗaya da Ƙwan Inna

Ƙwai sittin Inna ta zuba a injin ƙyanƙyasa, saura kwana uku su fashe, sai na'urar da ke kunna hita da kashe ta ta ƙone da safe. Mai shago ya ce sabuwa sai mako mai zuwa. Ƙwai kuwa in suka yi sanyi, shi ke nan.

Ni ce mai rubuta manhaja a gidan, da ita nake cin abinci, don haka na ce a bar min. Baba, tsohon mai gyaran rediyo, ya zazzage gwangwanin kayan gyaransa ya miƙo min wani ɗan aisi, ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba.

"Bayit dubu ɗaya cikinsa ke ɗauka, Injiniya," ya ce, wato iyakar girman manhajar da za ta shiga cikinsa ke nan.

Cikin minti ashirin na gama rubuta manhajar da za ta kula da hitar, ina hura hanci. Manhajar ta fito bayit dubu uku. Na rage, na datse, ta tsaya a dubu biyu ta ƙi motsi. Inna kuma tana ta sauya wa ƙwai kwalaben ruwan ɗumi tana hararata. Wallahi na ji kunya.

Baba ya ɗauko littafinsa da fensir. Asambili yake rubutawa, yaren da ake yi wa aisi magana kai tsaye, umarni ɗaya bayan ɗaya: ɗauko wannan lamba, kwatanta da waccan, in ta fi, tsallaka can. Na shekara goma ina yi masa tsiya cewa kwasar rairayi yake yi da cokali.

"Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Tsufa ya sa hannunsa na rawa yanzu, don haka shi ke karantawa, ni ke bugawa a kwamfuta. Abin mamaki, ban taɓa ganin aiki a fili haka ba. Babu abin da ke ɓoye, kowane layi na san inda ya dosa. A layi na arba'in da ɗaya na tsaya.

"Baba, ka juya tsallaken. In zafi ya yi yawa, hita za ta kunnu maimakon ta mutu. Dafaffen ƙwai za mu ba Inna."

Ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa har sau biyu. Sai ya yi dariya ya miƙo min fensirin.

"To gyara mana."

Bayit ɗari biyu da shida muka ci. Muka loda wa aisin, muka haɗa shi da injin. Kafin azahar hita na kunnuwa tana mutuwa da kanta, ma'aunin zafi ya tsaya cak inda ake so.

Ran na uku 'yan tsaki hamsin da biyu suka cika kwali da kuka. Na kai wa Baba fensirinsa, ya ƙi karɓa, ya ƙara min da littafin.

"Saura bayit kusan ɗari takwas a cikin aisin," ya ce. "Idona ya gaji. Ke za ki cika su."