Rahoton Mai Gadi a Kan Ƙofar Ɗakin Sanyi

Ranar da aka dakatar da Auta daga aiki, gidan yayarsa ya fara nufa kafin nasa. Ya same ta a falo ta baza littattafan 'yan aji biyar a ƙasa tana dubawa. Shekara ashirin da biyu ke nan tana koyar da Turanci a firamare, har yara sun laƙaba mata Malama Jan Biro, ita kuma ba ta taɓa cewa a daina ba.

Auta direba ne a wani kamfani da ke raba madara da yogot a shaguna. Ya zauna a hannun kujera, ya cire hula ya riƙe.

"Yaya, sun ce na bar ƙofar ɗakin sanyi a buɗe ranar Juma'a. Kaya sun lalace. Jibi za a zauna a kaina."

"Kai ka bar ta?"

"Ni ko makullin ba na riƙewa. Na yi lodi na fita, mai sito yana ciki. Washegari ma ya ce mini shi ya manta, amma manaja bai saurare ni ba."

"To daga ina sunanka ya shigo?"

Ya zaro wata takarda daga aljihu. Kwafin rahoton da mai gadi ya rubuta wa manaja ne, layi huɗu cikin Turanci, da rubutu manya-manya irin na wanda ya koya da girma. Malama ta gyara tabarau ta karanta a bayyane:

"Someone left the cold room door open. The storekeeper told the driver that he forgot it. He said this himself. The key was his."

Ta sake karantawa, sai ta yi ɗan murmushi.

"Yaya, dariya ma kike yi?"

"Ba da kai nake ba. Tashi ka je gida ka ci abinci. Jibi ka biyo ta nan mu tafi tare."

"Me za ki ce musu? Ba makaranta ba ce fa."

"Abin da nake faɗa wa 'yan aji biyar zan faɗa musu."

Ta nemi izini wajen shugabar makaranta, ranar zama ta saka tabaranta da biro biyu a jaka. Ofishin manaja yana saman bene, ta taga ana hango motocin kamfani a jere. Manajan mutum ne mai yawan duba agogo. A gefe mai sito yana zaune ya haɗe hannu tsakanin gwiwoyi, mai gadi kuma, wani dattijo mai furfura, yana tsaye kusa da ƙofa. Da aka ce ita yayar direba ce, manaja ya nuna mata kujera ba da son ransa ba.

"Hajiya, maganar ba ta da tsawo. Ga rahoto, an ce shi ya manta."

"Yallaɓai, Malama ake ce mini. A wane layi aka ce shi ne?"

Ya dangwala yatsa a layi na biyu. "Ga shi. Mai sito ya gaya wa direba cewa ya manta."

"Wa ya manta?"

"Direban mana."

Ta jawo takardar gabanta, ta buɗe jan biro, ta zagaye kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan da na zagaye, wakilan suna ake ce musu. Aikinsu su tsaya a madadin suna don kada a yi ta maimaita shi, kuma iri-iri ne. Wannan na farko, 'someone', shi ne irin wanda ba ya fayyace kowa. Wani ne kawai. Da shi ba a kama mutum."

"Na san wannan," in ji manaja.

"Na san ka sani. Sai 'he', wanda ke wakiltar mutum namiji guda ɗaya. A jimlar nan maza biyu ne, mai sito da direba, kowanne kuma 'he' ne. Da ɗayansu mace ce, da 'she' ta raba gardama. 'It' ba shi da matsala, ƙofa ce. 'This' mai nuni ne, maganar da aka faɗa yake nunawa."

Manaja ya daina duba agogo. Ya jawo kujerarsa kusa da teburi.

"Sai 'himself'," ta ci gaba. "Irin wanda ke komawa kan mai aikin ne. A nan ƙarfafawa ya zo yi, wato shi da kansa ya faɗa. Yallaɓai, in mutum ya zargi wani, ba a cika cewa ai shi da bakinsa ya faɗa ba. An fi faɗin haka in mutum ya amsa laifinsa. Na ƙarshe 'his', na mallaka. Makullin nasa ne. A kamfanin nan wa ke riƙe makullin ɗakin sanyi?"

Auta ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ta tsayar da shi.

"Ban ce takardar ta wanke ƙanena ba," ta ce. "Cewa na yi ba ta kama shi ba. Akwai sauran iri ɗaya da ba a yi amfani da shi ba, na tambaya, 'who'. Ga wanda ya rubuta nan tsaye. An tambaye shi?"

Manaja ya juya ga mai gadi. Da alama sai a lokacin ya tuna dattijon yana ɗakin.

"Baba," in ji Malama, "bar Turancin nan. Faɗa mana yadda kunnenka ya ji."

Dattijon ya gyara murya. "Da safen Asabar ne, 'yata. Direba ya zo ɗaukar kaya, muka tarar da ruwa ya malalo har bakin ƙofa. Mai sito ya dafe kai ya ce masa, 'Ni na manta da ita, an kira ni a waya na fita da sauri.' Abin da na rubuta ke nan. Ni duk zatona a sarari yake."

"Me ya sa ba ka yi magana ba da aka dakatar da direba?" manaja ya tambaya.

"Yallaɓai, ba wanda ya gaya mini dalili. Yau da safe aka ce in hawo."

Mai sito bai ɗago kai ba. Ya ce, "Haka aka yi. Matata aka kai asibiti ran nan. Da na ji an ɗora wa direba, sai tsoro ya hana ni magana. Kwana uku ban yi barcin kirki ba."

Malama ta dube shi. Ta zo da fushinsa a ranta tun daga gida, amma da ta ji zancen asibiti sai fushin ya ragu.

"Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi, Malama. An sallame ta."

Manaja ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallon jajayen zagayen. Daga bisani ya ce Auta ya koma bakin aiki daga gobe, a kuma cire takardar dakatarwa daga fayil ɗinsa. Mai sito ya samu gargaɗi a rubuce, ɗaya na ƙofa, ɗaya na shirun da ya yi. Sannan ya ce daga yanzu duk mai rubuta rahoto ya ambaci mutum da sunansa ko aikinsa, ko da sau goma ne.

A matakala mai gadi ya tarar da Malama, ya rage murya.

"'Yata, ashe na kusa cin amanar yaron nan ban sani ba."

"Ba ka yi ƙarya ba, Baba. Turancinka daidai yake, wuri ɗaya ne ya bar ƙofa biyu. In ka sake rubutu, sa maganar mutum yadda ya faɗe ta, da 'I' ɗinsa."

Ya ciro ɗan littafi daga aljihun riga ya ce ta rubuta masa misali. Ta jingina da bango ta rubuta masa uku.

Auta yana ƙasa yana jiranta. Ya karɓi jakarta ya riƙe, abin da bai yi ba tun yana ɗan sakandare. Ya ce su biya ya saya mata lemo, ta ce a bari sai Asabar, ya zo da matarsa da yara su wuni. Ta tsayar da motar haya a bakin titi, don tana da darasi ƙarfe sha biyu, kuma ba ta son shugabar makaranta ta shigar mata aji.