Shukar da Aka Jinkirta a Roni

Ranar da ruwan farko ya sauka a Roni, Malam Muhammadu Lawal ya sa aka sauko masa da irin gero daga rumbu. Yana gyara ƙotar sungumi a tsakar gida sai 'yarsa Sadiyya ta fito daga ɗakin mahaifiyarta da kwamfuta a hannu. Ma'aikaciya ce a wata cibiyar nazarin yanayi, hutu ne ya kawo ta gida.

Ta durƙusa gefensa. "Baffa, da za ka ɗan dakata da shukar nan."

Ya dubi gabas, inda hadari ke ta haɗuwa. "Ba ki ga sama ba ne?"

"Na gani. Tauraron ɗan'adam ma ya gani."

Ta juyo masa da kwamfutar. Hoton farko ya nuna gajimare ya lulluɓe Kazaure har Ɓaɓura. Ta ce tauraron da ya ɗauki wannan hoton, saman gajimare kawai yake hange. Akwai wani daban mai auna danshin iska hawa-hawa, akwai mai bin inda iska ta dosa, sannan a cibiyarsu akwai na'urar da ke cilla haske sama ta karanta abin da ya dawo. Ko lokacin da suke aunawa ba ɗaya ba ne, aikinta shi ne ta daidaita su har su zama bayani guda.

Ta ɗora hotunan bisa juna yana kallo. Danshin ɗan siriri ne a ƙasa-ƙasa, busasshiyar iska ta danne shi, iskar kudu mai kawo damina kuwa ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

"Ina tsoron ruwan zai ɗauke, tsiro ya ƙone," in ji ta. "Amma sani sai Allah, zan iya yin kuskure."

Tsohon ya ajiye sungumin. "Ni ma ba na sayen saniya don na ga haƙoranta kaɗai," ya ce. "Sai na ga tafiyarta, na taɓa hantsarta." Ya yanke shawarar shuka 'yar gonar bayan gida, sauran irin ya koma rumbu.

Labari ya kai ga Silvanus, malamin gona, mutumin Filato da ya daɗe a yankin. Ya zo ya roƙi Sadiyya ta je Gwiwa ranar kasuwa ta yi wa manoma bayani. Ta je tare da yayanta Jalaluddeen. A ƙarƙashin wata tsamiya ta tsaya, ba ta saka kalmar Turanci ko ɗaya ba. Wani dattijo ya tambaye ta ko za ta biya shi idan ya makara da shuka. Ta ce ba za ta iya ba, abin da ta gani kawai ta zo faɗa. Wasu suka yi dariya suka koma ciniki, wasu suka karɓi lambar Silvanus.

Ruwa ya ɗauke. Geron bayan gida ya fito kore shar, ya fara lanƙwashewa, ya bushe. Sadiyya ta riga ta koma bakin aiki, kullum Silvanus na kiranta, kullum amsarta ɗaya: na'urorin ba su yarda da juna ba tukuna. Da jiran ya yi tsawo har waɗanda suka bi maganarta suka fara gunaguni, ba ta canja baki don ta faranta musu ba.

Wata safiya wayar Malam Muhammadu ta yi ƙara.

"Baffa, danshi ya yi kauri, iskar kudu ta iso. Yau duk na'urorin bakinsu ɗaya. Da zarar ruwa ya sauka, ku shuka."

Kafin la'asar Silvanus ya zaga ƙauyuka a kan babur da saƙon. Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayansa wani ya biyo, damina ta zauna.

Da gero ya kai gwiwa, dattijon nan na kasuwa ya zo Roni a kan keke, ya yi sallama a ƙofar gidan. Yana da jika mace a sakandare, in ji shi, ya zo ne ya ji wane karatu ake yi a kai ga irin aikin Sadiyya. Malam Muhammadu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa Jalaluddeen ya kira musu Sadiyya a waya.