Sai Manaja Ya Amince

Tun da aka kawo mana jami'ar sadarwa a kamfanin katako, bakinmu ya zama na aro. Ta tara mu ta zana akwatuna da kibiyoyi a allo: labari zai tashi daga shugaban sashe zuwa gare ta, daga ita zuwa manaja, sai ya amince kafin ya fita ƙofa. Wanda ya yi azarɓaɓi, a bakin aikinsa. Muka tafa mata, har da ni shugaban sashen yanka, don ina da 'ya'ya.

Ranar da injin zarto ya kama hannun Dogo, ma'aikacin sashena, da rigata na ɗaure masa, na sa shi a mota zuwa asibiti. Na sanar da jami'a. Ta ce tana tsara kalmomi, manaja kuma yana taro, wayarsa a kashe. Kafin rana ta take, kowa a zauren waya na ma'aikata ya ji, ana ta turo addu'o'i. Matar Dogo ba ta cikin zauren, kuma babu wanda ya zana mata akwati.

Sai ga ta da kwanon abincinsa kamar kullum. Maigadi, don tsoro, ya ce mata an aiki Dogo. Ta zauna a benci tana jira, tana gyara ɗaurin kwanon.

Na haura sama raina a ɓace. Jami'a ta ce iyali ɓangaren waje ne, sai an amince, in yi haƙuri. Na ce mata hannun da ke asibiti ba na ɓangaren kowa ba ne, na mijin matar nan ne. Ta tuna mini da aikina. Wallahi da namiji ce, da an raba mu.

Na sauko na tsuguna gaban matar Dogo na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun safe."

Ta ɗaga kai ta dubi tagogin sashenmu. Ma'aikata sun cika su suna leƙenta, kowa da waya a hannu, mutanen da suka gaishe ta ɗazu suka wuce.

"Duk sun sani ina zaune a nan?" in ji ta.

Na ce mata eh.